Ƙwallon Tajudeen Babu Gyara

A kakar wasan bara, Tajudeen ya ci wa Taurarin Layin Dogo ƙwallo goma sha tara kafin a shiga wasannin kofi. Onyedika, abokin wasansa a gaba, ya ci huɗu, kuma ɗaya daga cikin huɗun har yau ana musu a kanta, don akwai masu rantsuwa cewa ɗan bayan abokan karawa ne ya tura ta raga da ƙeyarsa. Amma da za ka je filin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ranar Asabar bayan la'asar ka kasa kunne, suna ɗaya za ka ji. Daga 'yan dakon Kantin Kwari har masu sayar da kayan mota na Sabon Gari, bakinsu ɗaya: "Dika! Dika! Dika!" Shi kuwa Taju in ya ci, sai a yi masa tafi uku, irin wanda ake yi wa mai jawabin godiya a ƙarshen taro, kowa ya koma kan hirarsa.

A faɗi gaskiya, 'yan kallo ba su da laifi gaba ɗaya. Taju awon yadi yake yi a wani shago a Kwari, kuma in ka ce masa yadi biyar, biyar ɗin zai ba ka, ko faɗin farce ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Haka yake buga ƙwallonsa. Ba ya gudu sai da dalili. Tsayawa yake kusa da gola kamar mai jiran a-daidaita-sahu, in ƙwallo ta iso ya taɓa ta da abin da ya samu, ƙauri ne, gwiwa ce, cinya ce, ta gangara cikin raga a hankali. Daga nan ya ja safarsa sama, ya taka ya koma tsakiyar fili, fuskar nan babu yabo babu fallasa.

Dika kuwa, ƙaton nan mai gyaran janareto a Sabon Gari, tun daga tsakiyar fili zai ɗauko ƙwallo yana huci. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya dawo ya sake yanke na farkon don bai gamsu ba, ya kwantar da gola, ya rage daga shi sai raga wayam. Sai ya ɗaɗa ta sama. Daga nan ya zube ƙasa, ya kama kai, ya ciji jesinsa, ya dubi sama yana tambayar Ubangiji laifin da ya yi. Ƙwallayen da ya zubar har sunaye gare su. Akwai Ta Mai Shayi, wadda ta sauka a tsakiyar kofuna. Akwai Ta Alkali, wadda ta sa aka tsayar da wasa minti goma ana yi wa mutum fifita. Babbar cikinsu ita ce 'Yar Kudu, wadda ta haye katanga ta faɗa cikin taragon kaya daidai lokacin da jirgi ke tashi, kuma har yau ba ta dawo ba.

Duk wannan da sauƙi, da Taju zai iya haɗiye shi. Abin da ke cinsa a rai yana zaune ne a gefen fili, ƙarƙashin wata tsohuwar laima, gaban kaskon suya. Mahaifiyarsa ce, Iya Morufat, mai sayar da fanke da zoɓo.

Iya Morufat Bayarabiya ce gaba da baya, amma a Kwaciri aka haife ta, kuma ta tashi a hannun maƙwabciyarsu Hajja, wata tsohuwar Bahaushiya mai tsananin riƙo da al'ada. A wajen Hajja ta ɗauko kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta kau da kai. 'Ya'yan Hajja na cikinta sun daɗe da watsar da abin, jikokinta ma har hoton 'ya'yan farinsu suke ɗorawa a waya. Morufat kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu, ta fi masu abin iya abinsu. In danginta suka zo daga Ilorin suka kira ta Iya Taju, kamar yadda aka saba a can, sai ta yi kamar da bango suke, don sunan yana ciki. Ƙannensa, Habeeb da Damilola, sunansu ya kusa ƙarewa a bakinta saboda kira. Shi kuwa shekara ashirin da bakwai ke nan yana amsa sunan "Yaron nan".

A gida Taju ya saba, bai taɓa ƙorafi ba. Amma a fili abin ya wuce kunya ya koma cin fuska. Duk lokacin da ya jefa ƙwallo a raga, muryar farko da zai ji ta Iya ce, ta miƙe tsaye da matsamin suya a hannu tana ƙwala ihu: "Dika! Dikaaa!" Jama'a su ɗauka su yi ta rerawa. Ita kuma ta koma ta duƙa kan kasko tana ta saka ƙullu a mai, ko inda yake ba ta kalla. Abu ɗaya Taju yake so a duniya, kuma ya fi son sa a kan kofi: ya ji sunansa a bakin uwarsa, ko da sau ɗaya ne. A lissafinsa, ranar da duk filin ya ɗauki sunansa, dole ita ma bakinta ya suɓuce.

Wata Asabar da ya ci biyu aka ɗauki Dika a kafaɗa, sai ya kasa haƙuri, ya je ya sami Baba Emmanuel. Shi Baba Emmanuel tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekara talatin da biyar yana ɗaga tuta, yanzu shi ne shugaban magoya baya, yana yawo da wata tsohuwar ƙararrawa da yake kaɗawa in wasa ya yi daɗi. Taju ya same shi zaune a kan benci yana cin fanke.

"Baba, don Allah tambaya gare ni. Me na yi wa mutanen nan?"

"Babu abin da ka yi musu, ɗana. Matsalar ke nan."

"Yau fa biyu na ci."

"Ka ci, mun gode, Allah ya saka da alheri. To sai me? Ranar Litinin in na je majalisa me zan ce? In ce Taju ya tsaya, ƙwallo ta zo, ya taɓa, ta shiga? Kafin in rufe baki an koma zancen tsadar tumatir. Amma Dika ya zubar da guda ɗaya, mako guda muna kanta. Wannan ya ce da ya buga da hagu, wancan ya ce iska ce, wani ya tashi ya gwada mana yadda shi zai yi, ya gurɗe ƙafa. Dika yana zubarwa irin yadda mu ma za mu zubar, kuma yana jin zafin a gabanmu. Kai kuwa kamar injin ɗinki."

Ya ɗaga ledar fankensa ya girgiza ta a gaban Taju.

"Ka ga wannan? Guda biyar na saya. Leƙa ka gani, bakwai ne. Iya ta yi min gyara da biyu. Biyar ɗin haƙƙina ne, ba na yi wa kowa godiya a kansu. Biyun nan su ne suke dawo da ni. To kai ƙwallonka babu gyara, ɗana. Awon Kwari kake mana."

Maganar ta zauna wa Taju a ƙirji kwana biyu. Ranar Talata da azahar ya nemi izinin maigidansa, ya tsallaka Sabon Gari, ya sami Dika a shagonsa ya yi dumu-dumu da baƙin mai.

"Dika, so nake ka koya min zubar da ƙwallo."

Dika ya ajiye sifana, ya dube shi da kyau ko zazzaɓi ne ke damunsa.

"Taju, wallahi tallahi ba da gangan nake yi ba. Ni duk bugun da na yi, raga nake nufi. Ƙafar ce take da nata ra'ayin."

"Na sani. To koya min abin da ke biyo baya."

Nan fa Dika ya ji an zo fagensa. Ya ture wani janareto gefe, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, aka fara darasi. Da farko a dafe kai da hannu biyu, ba ɗaya ba, hannu ɗaya na masu ciwon kai ne. Sannan a durƙusa, a bar gwiwa ta bugi ƙasa da ƙara. Sannan a ciji jesi. Sannan a dubi sama, a buɗe tafin hannu, a ɗan girgiza kai. In abin ya yi muni ƙwarai, a mirgina sau biyu. Taju ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, har da lamba. Da ya gwada, sai Dika ya ce ya yi kama da mai neman allurar da ta faɗi.

"Saki jikinka, mutumina! Ka tuna wani abin baƙin ciki."

"Iya tana kiran sunanka in na ci."

"Ai Iya tana ƙaunata," in ji Dika, yana murmushi har kunne. "Ka tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ina benci lulluɓe da bargo? Ka ci ƙwallo, ta miƙe tana Dika, Dika. Ko taɓa ƙwallo ban yi ba ranar. Wannan ita ce ƙauna ta tsakani da Allah."

Taju ya zube a kan kwalin nan ya kama kai, Dika ya ce yawwa, yanzu ya fara kamawa.

Asabar ta zo, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin 'Yan Atamfa. Taju ya shiga fili da niyyar da babu ɗan wasan gaban da ya taɓa shiga da ita: yau sai ya zubar, zubarwar da za a raɗa wa suna. Minti goma da farawa ƙwallo ta zo masa a bakin raga. Ya saita katangar tasha, ya zage iya ƙarfinsa ya kai mata duka da dama. Ƙafar ta wuce ta sama, ƙwallon ta bugi ta hagun da yake tsaye a kai, ta gangara ta shige. Tafi uku. Daga ƙarƙashin laima aka ce, "Dikaaa!"

Bai karaya ba. Da aka kwaso wata daga kwana, ya juya wa raga baya, ya yi tsalle zai buga ta ta saman kansa, abin da ya tabbata ko a mafarki ba zai iya ba. Ya kuwa riga ƙwallon isowa, ya faɗo rigingine, ƙafafu a sama. Ƙwallon ta zo ta sauka a kan mazaunansa, ta yi tsalle ta haye gola. Biyu ke nan. Ta ukun ita ce ta kusa sa shi kuka. Ya buga ta can gefe, nesa da raga, inda ko makaho ya san waje za ta, sai ta ci karo da wani tudun ƙasa da ya shekara goma a wurin bai taɓa taimakon kowa ba, ta karkace ta shige ta jikin turke.

Aka tashi uku da nema. Koci Abdulgani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Aikinka ke nan, Taju," irin yadda ake gaya wa famfo ya kawo ruwa. Dika kuwa ya zubar da guda ɗaya a minti na tamanin, wadda ta kashe ƙwan fitilar mai tsire, aka raɗa mata suna tun kafin a tashi. Da Taju zai fita ya wuce Baba Emmanuel yana shafa ciki, yana cewa yau Iya ta yi masa gyara da uku, in ta ci gaba a haka sai ya sake wando.

Mako guda Taju yana tunani. A ƙarshe ya gane inda kuskuren yake: duk ƙwallon da ke motsi tana iya cin amanarsa. Abin da yake bukata ita ce wadda ke zaune wuri ɗaya, fenariti. Shekara shida yana buga wa ƙungiyar fenariti bai taɓa zubarwa ba, kullum gefe ɗaya, ƙasa-ƙasa, hannun hagun gola. Duk gololin Fagge sun san nan zai buga, suna faɗawa nan ɗin, tana shiga.

Ranar wasan ƙarshe da Zakunan Kwaciri fili ya cika ya batse, har kan katanga mutane ne. An kafa rumfa an jera manyan 'yan kasuwa, ga kofi a kan tebur an naɗe shi da atamfa. Iya Morufat ta zo da bokitin ƙullu biyu. Aka yi ta gumurzu babu ci har minti na saba'in, sannan Dika ya kutsa cikin da'irar gola, ya yanke mutum biyu, ya taka igiyar takalminsa ya kife. Alkalin wasa ya busa fenariti. 'Yan Kwaciri suka yi ta rantse-rantse, amma faɗuwar ta yi kyau ƙwarai, babu wanda ya saurare su.

Taju ya ajiye ƙwallo. Maimakon taku ukun da ya saba, ya ja da baya taku ashirin, har sai da ya kusa fita daga rabin filin. Ya ɗan saci kallon laima. Iya tana duƙe kan kasko. Ya ce bismillah, ya sheƙo da gudu, ya sa ƙafa a ƙarƙashin ƙwallon ya ɗaga ta da dukkan baƙin cikin shekara ashirin da bakwai. Ta tashi, ta wuce raga, ta wuce katanga da mutanen da ke kanta, ta wuce wayar lantarki, ta ɓace. A karon farko a rayuwarsa, Tajudeen ya zubar.

Sai ya shiga aiki. Ya dafe kai da hannu biyu. Ya durƙusa. Ya ciji jesi. Ya manta na huɗu, ya ɗan tsaya yana ƙirgawa da yatsa, ya tuna, ya dubi sama ya buɗe tafin hannu. Ya mirgina sau biyu, ya ƙara na uku don gyara. Sannan ya kwanta ruf da ciki yana jiran filin ya ɗauki sunansa.

Shiru. Ko ƙararrawar Baba Emmanuel ba ta motsa ba. Abin da Taju ya manta shi ne, rabin mutanen nan a Kwari suke wuni. Mutanen da ke gane atamfar jabu daga taɓa ta da yatsa biyu, su za ka kawo wa baƙin cikin jabu? Kowa ya gane, har 'yan Kwaciri sun ji kunya sun kasa murna. Taju yana kwance, hancinsa cikin ƙasa. Ya zubar wa ƙungiyarsa kofi, ya zubar da mutuncinsa, kuma ko tafi ukun nan yau babu.

Cikin wannan shirun ne wata murya ta tsaga filin.

"TAJUDEEN!"

Ya ɗauka kunnensa ne. Bai taɓa jin sunan da wannan muryar ba, sai ya ji shi baƙo, kamar na wani.

"Tajudeen Olanrewaju Akanni! Tashi ka ba ni wuri!"

Ya ɗago kai. Ga Iya Morufat nan ta keto fili, ɗaurin ƙirjin zaninta ta ƙara tamke shi, mayafi na jan ƙasa, matsami a hannu mai na ɗiga. 'Yan wasa suka dare mata. Alkalin wasa ya sa hannu a aljihu zai zaro kati, ya dubi matsamin, ya fasa, ya shiga gyara agogonsa.

"Ni za ka kunyata a gaban jama'a? A gidan wa ka koyi ƙarya? Ƙwallo ashirin da biyu ka ci da guminka, ta ashirin da uku ce za ka tsaya kana yi mana wasan kwaikwayo, kana birgima kamar jaki a toka?"

Taju ya tashi zaune, bakinsa a buɗe.

"Iya... ƙirgawa kike yi?"

"Ji min yaro! Ta farko da ƙauri ka ci ta, ranar da aka yi ruwa. Ta bakwai da kunne, ka kwana uku kana jin ƙara. Ta makon jiya ta biyu ba zan faɗi da abin da ka ci ta ba, akwai manya a wurin."

"To me ya sa in na ci, Dika kike kira?"

"To wa zan kira? Ihun yana nan ya cika min ƙirji, dole ya fita, ko so kake in fashe? Dika ba ni na haife shi ba, in na ga dama in wuni ina kiransa!"

Dika, da ke tsaye kusa, ya dafe ƙirji.

"Iya, ashe duk ƙaunar nan..."

"Kai kuma rufe min baki, ka je ka koyi saita ƙafa. Ka fasa min kular zoɓo bara, ban manta ba."

Daga bakin fili sai aka ji ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya. Baba Emmanuel ne ya miƙe, ledar fankensa a hannu, yana dubanta kamar yau ya fara ganinta.

"Jama'a, ku tsaya! Ranar da ya ci biyu, gyaran biyu ta yi min. Makon jiya uku. Yau tun ɗazu nake cewa me na yi wa Iya, biyar ɗina cif ta ba ni!"

Wani daga kan katanga ya ce shi ma haka. Wani ya ce wallahi shi ma. Kafin ka ce me, duk filin ya ɗauka, kowa na tuno ledarsa. Ashe shekara da shekaru, duk ƙwallon da Taju ya ci, sai Iya ta raba ta ga duk wanda ya tsaya gaban kaskonta, ba tare da ta ce uffan ba. Duƙawar da take yi ke nan, ƙarin ƙullu take sakawa. Sun daɗe suna cin gyaran ƙwallon Taju, suna lashe yatsa, suna kiran sunan wani.

A nan ne Iya Morufat ta farga. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ga idanu sun fi dubu a kanta, ta tuna abin da bakinta ya furta, har sau biyu, har da na kakanni. Ta ce, "Innalillahi! Hajja, ki yafe min," ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya da sauri ta nufi laimarta, inda fanke goma sha biyu suka riga suka zama gawayi.

Aka nemo wata ƙwallon aka ci gaba da wasa. Taju yana gudu yana share ido da jesi, wannan karon ba daga littafi ba. Saura minti biyu a tashi, Dika ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya, ransa a ɓace, ya yanke duk wanda ya gani, ya ɗaɗa ta da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ta daki ƙarfen sama, ta dawo, ta sami Taju tsaye a inda ya saba tsayawa, ta buge shi a gwiwa, ta gangara cikin raga a hankali. A duk ƙwallayensa babu mummuna kamarta. Ya ja safarsa sama, ya juya zai koma tsakiya.

Bai kai ba. Baba Emmanuel ne ya fara, da irin muryar Iya, har da ɗaga ƙararrawa kamar matsami: "Tajudeen Olanrewaju Akanni!" Filin gaba ɗaya ya amsa: "Tashi ka ba ni wuri!" Haka aka yi ta yi har aka busa tashi, kuma haka ake yi masa har yau duk inda ya buga, don yanzu shi ma yana da labarin da za a kai majalisa ranar Litinin. Da aka zo ɗaukar gwarzo a kafaɗa, sabo ya sa aka fara ɗaukar Dika, sai da aka yi rabin fili aka tuna, aka sauke shi aka dawo.

Da jama'a suka fara watsewa, Taju ya zame ya nufi laima. Iya tana kankare kasko, ta ba shi baya. Ya tsaya kusa da ita. Ba ta juyo ba, ta miƙo masa leda ta gefe, idonta na kan katangar tasha.

"Yaron nan, karɓi."

"Iya, wa kika ce?"

"Kada ka saba. Zafin wuta ne ya hau min kai."

Ya karɓa ya koma gefe ya zauna a kan bokitin ƙullu. Tun yana yaro fanke biyar take ba shi, ba ƙari ba ragi, kada a ce ta fifita ɗan fari. Ya buɗe ledar ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Shida ne. Na shidan ya ɗan ƙone ta gefe, amma shi ya fara ci, a hankali, yana kallon bayan uwarsa tana ta kankare kaskon da ya riga ya fita tas.